Kura da Shan Bugu: Haƙƙin Makaɗan Fada a Kasuwar Memori

Gabatarwa

A kasuwannin Gummi da Anka da Bukkuyum, kusa da rumfunan masu cajin waya, ba a rasa matashi zaune gaban kwamfuta yana tura wa mutane waƙoƙi a memori. Da 'yan nairori kaɗan mutum zai tafi gida da Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a aljihunsa, alhali babu ɗaya daga cikin magadansu da ya ba da izini, kuma ko ƙwandala ba ta isa gidajensu. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce: shin mai sayen irin wannan kwafi yana da laifi? Matsayina shi ne sayen yana da uzuri mai ƙarfi, amma uzurin bai sauke bashin da ke kan mai saurare ba.

Darasi Daga Kiɗan Soul

Matsalar ba a kanmu aka fara ta ba. A shekarun 1960 ƙananan kamfanoni a biranen Detroit da Chicago na Amurka sun buga fayafayan garmaho na mawaƙan soul baƙaƙen fata, da yawansu ba su yi kasuwa ba, kamfanonin suka durƙushe. A shekarun 1970 sai matasan arewacin Ingila suka kamu da son waɗannan waƙoƙi, suna kwana rawa a wurare irin su Wigan Casino. Da fayafayan asali suka yi wuya, 'yan kasuwa suka shiga buga na jabu, mawaƙan kuwa da yawansu ba su ma san ana rawa da muryarsu a wata nahiya ba.

Hujjar masu saye a lokacin ita ce babu inda za a sami na halas. Wannan hujja ta raunana bayan 1982, sa'ad da kamfanin Kent na Landan ya fara neman izinin masu haƙƙi yana sake fitar da waƙoƙin. Sai dai takardar izini ita ma ba ta tabbatar da adalci. Ruth Brown, wadda waƙoƙinta suka ɗaga kamfanin Atlantic a shekarun 1950, ta yi shekaru tana fafutukar neman kasonta, kuma fafutukar tata ce ta kai ga kafa gidauniyar Rhythm and Blues a 1988. Ashe faifai yana iya zama halas a idon doka, mai muryar kuma yana kwana da yunwa.

Yadda Ake Biyan Makaɗin Hausa

Kafin mu ɗora wa manomin Bukkuyum ma'aunin Landan, ya kamata mu duba tsarin da ya haifi waɗannan waƙoƙi. Makaɗin fada yana da ubangida. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, Jankiɗi kuma na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ladan waƙa doki ne da riga da hatsi da gona, daga baya mota da kujerar Makka, kuma a fili ake bayarwa, gaban jama'a. Yaɗuwar waƙa riba ce ga makaɗi da ubangidansa baki ɗaya, domin abin da ake nema shi ne sunan sarki ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna «Mai Dubun Nasara», burinsa a ji ta ko'ina cikin Arewa.

Saboda haka dattijon Anka da ya ce waƙar Ɗanƙwairo an riga an biya ta tun ranar da aka yi ta, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Inda maganar ta gaza shi ne wancan tsari bai san da mutum na uku ba, wanda ba makaɗi ba ne, ba ubangida ba ne, amma yana cin abinci da waƙar shekara da shekaru. Na'urar ɗaukar murya ce ta shigo da shi. Tun zamanin kaset, lokacin da Kano ta zama cibiyar kwafi da rarrabawa, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008, waƙa ta koma haja mai kawo riba bayan mutuwar mai ita. A nan ne karin maganar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ya zauna daram.

Abin da Doka da Fiƙihu Suka Ce

Dokar Haƙƙin Mallakar Fasaha ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bambanta abu biyu. Ita waƙar, wato baitocinta da karinta, tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ɗaukar murya kuwa shekara 50 ce daga fitowarta. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, don haka waƙoƙinsa dukiyar magadansa ce har zuwa 2061, na Mamman Shata da ya rasu a 1999 kuma har zuwa 2069. Ko da wa'adin wani tsohon faifai ya ƙare, haƙƙin waƙar da ke cikinsa yana nan.

Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin talifi da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare. Malamai suna da saɓani kan kiɗa shi kansa, amma wanda ya zaɓi ya saurara ba zai fake da saɓanin ya cinye haƙƙin wani ba.

Uzurin Mai Saye

Duk da haka, zai zama zalunci a kira mai sayen memori ɓarawo. Da farko, babu shago a Gummi, ko ma a Gusau, da zai shiga ya sayi kundin Narambaɗa mai izinin magada. Ba a zargin mutum da barin halas ɗin da ba a kawo kasuwa ba. Na biyu, kwafin nan shi ya raya waƙoƙin. Taskokin Rediyon Kaduna da Rima Rediyo ba a buɗe suke ga talaka ba, kuma kaset yana cinyewa. Abin da ya iso kunnen tsarana ya iso ne ta hannun masu kwafa daga kaset zuwa faifan sidi, daga sidi zuwa waya. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, memori ne kaɗai ɗakin karatun mutanen karkara. Wanda aka kora daga ƙauyensa yana zaune a Anka, muryar Ɗanƙwairo tana daga cikin ɗan abin da ya tsira da shi daga gida.

Inda Laifin Yake

A ganina laifi yana bin girman riba da girman iko. Matashin da ke tura waƙa a kasuwa yana sayar da wutar janareta da lokacinsa ne, ribarsa ba ta wuce ta tuwon dare ba. Mai shafin YouTube da ke tara kuɗin talla da muryar mamaci, ya liƙa tambarinsa a kai kamar shi ya haife ta, nasa ya fi nauyi, domin yana da hanyar neman magada ya ƙi. Mu 'yan boko da muke rubuta kundin digiri da waɗannan waƙoƙi, mu sami aiki da su, ba mu taɓa tambayar ina jikokin 'yan amshi suke ba, mu ma muna cikin lissafi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma ɓarnar da ta shafi adabi kai tsaye. Kwafin kasuwa yakan zo da sunan wani makaɗi a kan waƙar wani, a yanke farkonta ko ƙarshenta, babu shekara, babu wurin ɗauka. 'Yan amshi da masu kotso, waɗanda su ne rabin waƙar fada, sunayensu sun ɓace ƙurmus. Ɗalibin da ya gina nazarin salo a kan irin wannan matani ya yi gini a kan yashi, kuma mai waƙar ya yi hasara biyu: ta dukiya da ta suna.

Kammalawa

Mafita tana da misali a maƙwabtanmu. A 2011 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da kundin waƙoƙin da Christopher Kirkley ya tattaro daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali, bayan ya bi sawun mawaƙan ya sami izininsu, ya ware musu kaso. Ta wannan kundi duniya ta fara jin Mdou Moctar na Nijar. Idan baƙo ya iya gano mai jita a hamada, ba zai gagari Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, tare da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, su zauna da gidan Ɗanƙwairo a Maradun su fitar da ingantaccen kundi mai rahusa ba, wanda masu tura waƙa za su zama dillalansa.

Kafin ranar ta zo, ban ga dalilin hana kowa saye ba. Abin da ya wajaba a kan mai saye shi ne ya ɗauki abin da ke wayarsa a matsayin aro: ya ambaci mai waƙa da sunansa daidai, kada ya nemi kuɗi da ita, ya yi wa magada kyauta in ya tarar da su suna kiɗa a wurin biki, kamar yadda kakanninmu suka saba. Ranar da na halas ya shigo kasuwar Gummi kuwa, uzuri ya ƙare.