Richard Tauber, gwanin sassauta murya

Mawaƙin opera, wato wasan kwaikwayon Turai da galibi ake rera zancensa da waƙa, ba ya riƙe lasifika. Dole muryarsa ta haye kan makaɗa masu yawa ta isa kujerar ƙarshe, shi ya sa aka fi yabon tena, mai ɗaukar muryar sama ta maza, da ƙarfin maƙogwaro. Richard Tauber, wanda aka haifa a Linz ta Ostiriya a 1891, ya yi suna da abin da ya fi wannan wuya: ya hau can ƙololuwar waƙa, sannan ya sassauta.

Ko ɗan koyo zai iya ƙwala murya. Sassautawa a sama kuwa sai wanda ya mallaki numfashinsa. Mawaƙi yakan cika huhu har ƙasa, ya bar haƙarƙarinsa a buɗe, ya riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan, yayin da sautin ke tashi daga ƙirji zuwa kai ba tare da an ji inda ya sauya ba. Iska ta yi yawa, murya ta fashe. Ta yi kaɗan, ta shaƙe. Tauber yakan ja sautin kamar yadda gwanar kaɗi ke jan zare, siriri amma ba ya tsinkewa, kuma kowace kalma tana fita tsaf.

Da fim mai magana ya zo, sai wannan baiwa ta samu gida. Makirufo ba ya son ihu, yana son wanda zai matso. Tauber gajere ne kakkaura, da tabarau mai ido ɗaya, ba irin kyawawan da kyamara ke nema ba, amma da ya buɗe baki sai a manta. A 1930 ya fito a fim ɗin Das Land des Lächelns, na mawallafin kiɗa Franz Lehár, wanda ya saba tsara waƙoƙi daidai da muryarsa.

Saboda mahaifinsa na da jinin Yahudawa, hawan 'yan Nazi mulki a 1933 ya raba shi da Jamus, inda yake aiki. A Ingila ya taka rawar mawallafin kiɗa Schubert a fim ɗin Blossom Time, 1934.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya faru ranar 27 ga Satumba, 1947, a gidan opera na Covent Garden da ke Landan. Sankara ta riga ta ci huhunsa ɗaya, duk da haka ya rera rawar Don Ottavio a wata opera ta mawallafin kiɗa Mozart, rawar da dogayen layukanta ke gajiyar da masu lafiya. Bayan 'yan kwanaki aka yi masa tiyata, ya rasu ranar 8 ga Janairu, 1948.