Makaɗan Hawai Tsakanin Tsakar Gida da Dandalin Otal

Gabby Pahinui, wanda mutanen tsibiran Hawai suke ɗauka a matsayin uban kiɗan jita irin nasu, ya shafe shekaru yana aikin gyaran hanya a ƙarƙashin hukumar birnin Honolulu. Da rana shebur, da dare kiɗa a gidajen rawa. Raymond Kane, wanda gwamnatin Amurka ta karrama da lambar yabo ta masu raya al'adun gargajiya a 1987, mai walda ne. Duk wanda ya bi tarihin manyan makaɗan tsibiran zai yi ta cin karo da irin haka: suna ya kai ko'ina, amma abin sawa a bakin salati daga wata sana'ar yake fitowa.

Dalilin yana cikin tarihin sarautarsu. A da fada ce ke riƙe da mawaƙa da masu rawar hula. Sarki Kalakaua, wanda ya yi mulki daga 1874 zuwa 1891, ya farfaɗo da rawar bayan 'yan mishan sun daɗe suna ƙyamarta, ƙanwarsa Sarauniya Liliuokalani kuwa ita kanta mai tsara waƙa ce. A 1893 Turawa 'yan kasuwa suka kifar da ita da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, a 1896 kuma doka ta mai da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu. Mai karatu ya ƙaddara makaɗin fada ya wayi gari babu fadar, babu ubangida, harshen da yake waƙa da shi ma yara sun daina jinsa a aji. Abin da ya tsira da albashi shi ne ƙungiyar badujala ta Royal Hawaiian Band, wadda aka kafa tun 1836, yanzu tana hannun birnin Honolulu.

Otal ne ya gaji fada. An buɗe otal ɗin Moana a bakin tekun Waikiki a 1901, daga farfajiyarsa kuma aka soma watsa shirin rediyo na Hawaii Calls a 1935, shirin da ya kai har 1975. Aiki ya samu, amma da sharaɗi. Baƙon da ya zo hutu yana son kiɗa mai laushi wanda ba zai hana shi cin abinci ba, da waƙar Ingilishi mai ɗan barbaɗin kalmomin Hawai. Ba na cikin masu yi wa otal tofin Allah tsine gaba ɗaya. Genoa Keawe, mai siririyar muryar nan da ke riƙe sauti guda har mai sauraro ya fara jin numfashinsa na ɗaukewa, ta yi tuƙin tasi, ta haifi 'ya'ya 12, ta kafa kamfanin faifai nata a 1966, kuma duk ranar Alhamis tana waƙa da harshen Hawai a otal ɗin Marriott na Waikiki har gab da rasuwarta a 2008.  Sai dai ba kowa ke da girman da zai juya otal yadda yake so ba.

Makarantar gaske tana gida. Salon da ake kira kī hōʻalu, inda ake sassauta tsirkiyoyin jita har su ba da amo ɗaya ko ba a danna su ba, babban yatsa na riƙe da ƙasan kiɗa sauran yatsu na fitar da karin, ya samo asali ne bayan makiyayan shanu daga Meziko sun shigo da jita a wajajen 1832. A da kowane gida da yadda yake ɗaure tsirkiyarsa, kuma sirri ne. Wasu dattawa sun gwammace su tafi da shi kabari da su nuna wa bare. Ba a koyarwa da baki. Yaro ya zauna, ya kalli hannu, ya saurara. Haka makaɗi Ledward Kaapana ya koya a Kalapana, ƙauyen da babu wutar lantarki a lokacin ƙuruciyarsa, a wurin mahaifiyarsa da kawunsa Fred Punahoa. Aman dutse ya binne yawancin ƙauyen a 1990. A gidan Pahinui da ke Waimanalo, ƙarshen mako makaɗa kan taru a bayan gida, a ɗora tukunya, a yi ta kiɗa har gari ya waye. Wannan zama shi suke kira kanikapila, a cikinsa kuma 'ya'yansa Cyril da Bla da Martin suka taso. A ganina aikin rana, duk da wahalarsa, shi ya ba su damar riƙe kiɗan da babu mai saye.

Masu saye sun zo daga baya. Eddie Kamae, gwanin ƙaramar jita ta ukulele da ya kafa ƙungiyar Sons of Hawaii tare da Pahinui, ya bi tsofaffi ƙauye-ƙauye yana neman waƙoƙin da suka kusa ɓata. Makaɗi Keola Beamer ya fitar da littafin koyon kī hōʻalu a 1973, sirrin gidaje ya hau takarda. A 1978 harshen Hawai ya zama harshen hukuma a jihar. Kyautar Grammy ta ware wa kiɗan Hawai rukuni daga 2005 zuwa 2011, sai dai a shekarun farko tarin kiɗan jita ne ya yi ta lashewa, abin da ya ɓata wa masu waƙa da harshen rai.

Makaɗin yau yakan haɗa hanyoyi da yawa: dare biyu a otal, bikin aure, koyar da ɗalibai, yi wa ƙungiyar rawa kiɗa a gasar Merrie Monarch da ake yi a Hilo kowace shekara. Sai kuma Japan, inda makarantun hula suka yawaita, har wasu makaɗan sun fi samun kuɗi a Tokyo fiye da Honolulu.