Kyanwa, takalmi da fitilar bene

Ɗan ƙanwata, mai ɗaukar bidiyon biki a Yelwa, nan Garwa, ya tarar da ni ina kallon The Third Man a kwamfuta. Ya tsaya kaina minti biyu, ya ce, "Kawu, ba kala, ba waƙa, ba dambe. Me ake kallo a nan?" Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Da yawa sun ɗauka fim baƙi da fari tuwo ne da aka ci gaya don ba a samu miya ba. Ni ban yarda ba.

Gaskiya ba da su muka tashi ba. Silimar Ribadou da finafinan Indiya da na 'yan kareti ta cika mana ido, har ta rufe. A 2009 manyan silimomi uku da suka rage a Kamaru, Abbia a Yaunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, suka bi sahu. Gidajen kallo na unguwa suka karɓa, finafinan Kano suka shige ɗakunan iyayenmu mata, yau kuma komai ya koma waya. A Ingila kuwa, Alfred Hitchcock ya yi The 39 Steps a 1935 da The Lady Vanishes a 1938 kafin ya ƙaura Amurka, Carol Reed ya biyo da Odd Man Out a 1947 da The Third Man a 1949. Kala na nan a lokacin: The Red Shoes, shi ma na Ingila, ya fito a 1948 da launukansa ras.

Mu tsaya kan fitowa guda a The Third Man. Birnin Biyana ne bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashe huɗu sun kasa shi a tsakaninsu. Holly Martins ya zo wurin abokinsa Harry Lime, ya tarar ana binne shi. Kusan awa guda ana ta zancen mamacin, ba mu ga fuskarsa ba. Sai Anna, budurwar Harry, ta ambata a cikin hira cewa kyanwarta ba ta sakewa da kowa sai shi. Ba a nanata ba. Kyanwar ta fita, ta bi titin dutse, ta tsaya a wata ƙofar gida mai duhu, ta hau wasa da igiyar takalmin wani mutum. Takalmin kawai aka nuna mana. A nan mai kallo ya riga Martins sani, kuma wannan rigayen shi ne daɗin duka: gabanka na faɗuwa domin ka gane, shi bai gane ba.

Martins ya fito a buge, ya ɗauka ɗan leƙen asiri ne ke bin sa, ya hau ihu. Ihun ya tashi wata mata a bene, ta kunna fitila tana faɗa. Hasken tagarta ya sauka kan fuskar Harry, wato ɗan wasa Orson Welles, da ɗan murmushin wanda aka kama amma bai ji kunya ba. Kiɗan Anton Karas ya taso, kayan kiɗa guda mai tsirkiya da yawa, ba taron makaɗa ba. Matar ta kashe fitila. Mota ta gitta. Sai ƙarar takalmi da inuwa tana gudu a jikin bango. Hasken da ya tona asirin nan ba daga sama ya faɗo ba, daga fushin maƙwabciya ya fito, kuma bai daɗe ba sai gwargwadon faɗanta. A zuba wa fitowar nan kala, ido zai tafi kan fentin ƙofa da launin kwat. Robert Krasker, mai ɗaukar hoton, ya sa ana jiƙa titunan da ruwa don duwatsun su riƙa ƙyalli, ya karkata kyamara har gine-gine suka yi kamar za su rufto. Ya ci Oscar a kan aikin, kuma a 1999 cibiyar finafinai ta Birtaniya ta sa fim ɗin a kan gaba cikin finafinan ƙasar na ƙarni na 20.

Masu cewa begen zamanin da ne ke riƙe da finafinan nan ba su duba da kyau ba. Wane bege zan yi wa Biyanar 1949? Masu ɗora komai kan jawabin da Welles ya yi a kan lilon ƙarfe a The Third Man su ma sun bar jaki suna dukan taiki. Ƙarfin yana cikin rowa. A The Lady Vanishes tsohuwa ta rubuta sunanta da yatsa a gilashin jirgin ƙasa, ta ɓace, kowa ya rantse bai taɓa ganinta ba. Sunan ya sake bayyana ɗan lokaci, jirgi ya shiga rami, ya goge. Ana ɗanɗana maka, a janye.

Mu kuwa mun san wannan tun a tabarmar kaka. Ba a yin tatsuniya da rana, kuma mai kacici-kacici ba ya ba da amsa sai an ba shi gari. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga finafinanmu an haske falo tas kamar shagon atamfa, mugu ya zauna a kujera yana zayyana wa yaransa duk abin da ya ƙulla. Kayan aikin suna ƙofar gidanmu. Laifin Harry Lime tsarma allurar fenisilin ne yana sayarwa, yara suna nakasa. Wa bai san maganin jabu a kasuwanninmu ba? Jirgin dare daga Ngaundere zuwa Yaunde ya ishi a ɓatar da tsohuwa a ciki. In an ɗauke wuta a Garwa, lungu ya yi baƙi ƙirin, fitilar ɗan acaɓa ta share fuskoki ta wuce.

Da na faɗa wa yaron haka, ya ce kyamararsa ba ta son duhu, hoton yashi-yashi yake fitowa. Ya yi gaskiya, domin shi ma Krasker da manyan fitilu ya gina duhunsa, ya san inda zai ajiye su ne kawai. Mun yi alkawari ranar Asabar bayan isha'i za mu gwada a zauren gidanmu: fitila ɗaya daga tagar maƙwabta, bokitin ruwa biyu a ƙasa, shi kuma zai nemo kyanwa.