Bhool Bhulaiyaa: Ina a ka kai likitan?

Tun farko bari in yi wa mai karatu gargaɗi: duk wanda bai kalli Bhool Bhulaiyaa ba, kuma ba ya so a rage masa daɗin kallo, to ya tsallake shafin nan, domin zan fasa ƙwai.

Kwanan baya na zauna na sake kallon kashi ukun a jere, wato na 2007 wanda Priyadarshan ya ba da umarni, da na 2022 da na 2024 waɗanda Anees Bazmee ya yi. Duk miya ɗaya a ka so a kaɗa: ga ban tsoro, ga soyayya, ga barkwanci, ga kuma binciken gano mai laifi. Sunan fatalwar ma bai canza ba, Manjulika. Amma na farkon ne kaɗai ya sa na riƙa mayar da fim baya ina duba abin da ya wuce ni. Dalili kuwa shi ne, a nan ne kawai a ka ɗauki binciken da muhimmanci.

Ga yadda labarin ya ke. Siddharth (Shiney Ahuja) ya dawo daga Amurka da amaryarsa Avni (Vidya Balan), su ka dage sai sun zauna a tsohon gidan sarautar kakanninsa. Dangi su ka ce kul, akwai ɗakin da ba a buɗewa. A cikinsa ne a ka kulle ruhin Manjulika, wata 'yar rawa daga Bengal wadda Sarki Vibhuti Narayan ya fille wa masoyinta Shashidhar kai, ita kuma ta rataye kanta bayan ta yi alwashin ɗaukar fansa. Avni ta buɗe ɗakin. Daga nan sai ƙarar akayau cikin dare, kaya na fashewa, sari na kamawa da wuta. Zargi ya faɗa kan Radha (Ameesha Patel), wadda ta taso da burin auren Siddharth. Shi kuma ya kira abokinsa, likitan ƙwaƙwalwa Dakta Aditya Shrivastav, wato Akshay Kumar.

Aditya ya shigo gidan kamar wawa, yana tsokanar kowa, har mutanen gidan su ka fara tunanin shi ne ya fi buƙatar magani. To amma wautar nan ita ce kayan aikinsa. Mutum ba ya ɓoye sirri a gaban wanda ya raina. Yana ba mu dariya, yana kuma lura da wanda ya ke ina lokacin da abu ya faru. Shi ya tare shayin da a ka sa wa guba. Shi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin cikin dare ya yi magana da muryar sarki, a ka amsa masa daga ciki. Sannan ya yi tattaki har garin da Avni ta girma, ya gano cewa tun tana ƙarama ta ke nutsewa cikin tatsuniyoyin kakarta, kuma rabata da kakar nan da a ka yi ya taɓa ta. Ashe babu wata fatalwa. Avni ce ke fama da ciwon da ke sa mutum ya koma wani daban, ya aikata abu, ya farfaɗo bai sani ba.

Abin burgewa shi ne ba a cuci ɗan kallo ba. In ka sake kallo za ka ga komai na gabanka: wa ya fi kowa zumuɗin labarin Manjulika? Wa ya ke shafa kayan rawarta kamar nasa? Har tausayin da Avni ke nuna wa marigayiyar, wanda mu ka ɗauka kirki ne, ashe shaida ce. Wannan ƙarfin kuwa gado ne, domin asalin labarin na fim ɗin Manichitrathazhu ne, na harshen Malayalam, wanda Fazil ya yi a 1993, Madhu Muttam ya rubuta, Shobana kuma ta ci kyautar ƙasa ta gwarzuwar 'yar wasa da shi. Shi kansa Priyadarshan ya taimaka wajen ɗaukar wancan ɗin.

Akwai wurin da na fi so, kuma ina jin ya shafe mu. Da dangi su ka kawo babban malaminsu na Hindu (Vikram Gokhale), na zaci za a yi fito-na-fito, boko ya kunyata gargajiya. Ina! Ashe sun san juna, kuma kowa na girmama ilmin ɗan'uwansa. Tare su ka shirya dabarar ƙarshe, inda a daren bikin Durgashtami a ka bar "Manjulika" ta kashe "sarki", alhali mutum-mutumi a ka musanya mata da Siddharth. Mu da mu ke da gidajen da a ke gardama ko a kai yarinya asibiti ko a kira mai ruƙiyya, wannan zaman lafiyar ba ƙaramin abu ba ne.

Ba wai fim ɗin ba shi da aibu ba. Kusan awa guda a ke yi kafin likitan ya bayyana, a na ta jan lokaci da Paresh Rawal da Rajpal Yadav, har barkwancin ya gundure ni. Warkewa cikin dare ɗaya kuma, wannan sai a fim; ciwo irin wannan ba ya tafiya don an sare kan ɗan tsana. Radha fa? An yi mata ƙazafi, an kulle ta, Aditya ya bari a na zarginta don aikinsa ya yi sauƙi, sannan a ƙarshe a ka lallashe ta da batun aure kamar an biya diyya. Haba!

Duk da haka, dubi abin da ya biyo baya. A kashi na 2 da na 3 an sallami likita, an kawo Kartik Aaryan a matsayin Rooh Baba, ɗan damfara mai da'awar magana da ruhohi. Fatalwar kuma ta zama ta gaske. Tabu ta yi ƙoƙari matuƙa a matsayin tagwaye Anjulika da Manjulika, a na 3 ma an dawo da Vidya Balan, an haɗa ta da Madhuri Dixit. Kuɗi kam sun shigo. Amma da zarar ka ce mai laifin na iya ratsa bango, ta shiga jikin wanda ta ga dama, me ya rage a bincika? Ba sawu, ba lokaci, ba "ina ki ke jiya da dare?" Sai dai ka zauna ka jira ƙarshe a zazzage maka sirrin ta hanyar tuna baya. Za ka yi mamaki, i, amma mamakin wanda a ka ɓoye wa ne, ba na wanda a ka nuna wa bai gani ba.

Wannan ce cutar da na ke gani a yawancin littattafanmu da finafinanmu masu aljani ya auri budurwa, ko kishiya ta je wurin boka. Ban ce babu aljanu ba, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Magana ta ƙirar labari na ke yi. Marubuciya za ta ja mu littafi na ɗaya, na biyu, na uku, mu na tambayar wa ya yi wa amarya wannan aiki. Sai a shafukan ƙarshe a kira malam, a fara karatu, aljanin ya buɗe baki da kansa ya faɗi sunan wadda ta turo shi, da ranar, da inda a ka binne layar. Mijin da ya shekara yana kuka bai taɓa tambayar 'yar aiki wa ya shiga ɗakin ran nan ba.