Daga Makirufo Zuwa Kujera: Habaici a Shirin Siyasa na Rediyo a Ƙasar Gobir

Shirin siyasa na rediyo, wanda mai gabatarwa ke zaunar da baƙo ya yi masa tambayoyi ko ya buɗe layin waya ga masu sauraro, shi ne babban dandalin da mutanen Sabon Birni da Isa ke jin muhawarar mulki. Jarida ba ta cika isa can ba, talabijin sai da wuta, rediyo kuwa batir biyu sun ishe ta. Ana kama Rima Radio daga Sakkwato, da Rediyon Tarayya na Kaduna, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Da yake kuma Maraɗi ta fi birnin Sakkwato kusa da Sabon Birni, kunnen mutumin iyaka bai taɓa tsayawa kan labarin Nijeriya kaɗai ba.

Masu sukar irin wannan shiri, galibinsu 'yan boko da malaman koyar da aikin jarida, suna cewa ba aikin jarida ba ne, roƙo ne aka ba shi makirufo. Babbar hujjarsu ita ce mai gabatarwar da ke shafe shekaru yana caccakar masu mulki, sai a wayi gari a ga hotonsa a bango yana neman ƙuri'a. A ganinsu wannan ya nuna tun farko kamfe yake yi. Sun gano dangantakar shirin da roƙo, kuma sun yi daidai. Inda suka kauce shi ne ɗaukar wannan dangantaka a matsayin aibi, alhali daga nan ne shirin ya samo kayan aikinsa mafi kaifi.

Tarihin abin bai da tsawo. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyonta a Kaduna a 1962. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, hirarrakin Halilu Ahmed Getso a Rediyon Kaduna suka koya wa Arewa cewa ana iya titsiye babban mutum da tambaya kowa yana ji. A 1992 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta kuma buɗe ƙofa ga gidaje masu zaman kansu. A Nijar ma shekarun 1990 ne suka kawo irin su Rediyo Anfani. Da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, da shirye-shirye irin su Kowane Gauta, sai aka sami sabon rukunin mutane, sojojin baka, masu shiga rediyo su kare ubangidansu su jefi abokin hamayyarsa. Sojan baka daban, mai gabatarwa daban, ko da yake masu suka kan zuba su a kwando ɗaya.

A ƙasar Gobir kuwa, fasahar jifan mai iko da magana ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Gobir ta rarrabu: wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni, Isa kuma ta kasance ƙarƙashin gidan Sakkwato da sarautar Sarkin Gobir. Inda gidajen sarauta suka yi yawa, 'yan sarki masu jiran gado sukan yi yawa, nan kuma kasuwar makaɗin fada take ci. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, ya shahara da yabon ubangidansa, amma rabin daɗin waƙoƙinsa yana wurin yadda yake taɓa masu ja da sarki ba tare da ya kama suna ba. Fada ta san wanda ake nufi, shi ma wanda ake nufi ya sani, amma ba shi da bakin kai ƙara. Mutanen da suka tashi da irin wannan waƙa a kunne ba sa bukatar a fassara musu mai gabatarwar da ya iya sakaya zance.

Habaici ba zambo ba ne, ba kuma zagi ba ne. Zambo kan siffanta mutum har a gane shi da ido, ya muzanta shi. Zagi kan kama suna. Habaici kan bayyana aikin ya ɓoye mai aikin, ya bar wa mai sauraro ya cike gurbin da kansa. A ce an yi rabon takin gwamnati, manoma suna ƙorafin bai iso cikakke ba. Ɗan koyo zai ce shugaban ƙaramar hukuma ya karkatar da taki, gobe kuma lauya ya aiko wa gidan rediyon takarda. Gwani zai ce: "An ce mota uku ta taso daga Sakkwato. Mu dai biyu muka ji an sauke. Wataƙila ta ukun faci ta yi a hanya. Allah ya kawo mai gyara."

Kowace gaɓa a nan tana da aikinta. "An ce" ta ɗauke wa mai magana nauyin shaida, ta mayar da zancen abin da gari ya riga ya sani. "Mu dai" ta sa shi cikin manoma, ya daina zama ma'aikacin da ke zaune a ɗaki mai sanyi a birni. Gaɓa ta uku ita ce zuciyar fasahar: ya ba wanda ake zargi uzuri tun kafin ya nema, uzurin kuma mai rauni ne ƙwarai, yadda duk wanda ya ji zai yi dariya ya ƙaryata shi da kansa. Ta haka hukuncin ya fito daga bakin mai sauraro a majalisar shayi, bai fito daga rediyo ba. Addu'ar ƙarshe kuma ta kulle ƙofa, domin ba a kai mutum kotu don ya roƙi Allah ya kawo mai gyara. Wanda abin ya shafa ya rage masa hanya biyu, kuma duk ba daɗi. In ya yi shiru, gari ya ce ya amsa. In ya aiko sojan bakinsa ya musanta, ya nuna kansa, tunda ba a ambaci kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Haka nan a hira ta gaba da gaba. Gwanin mai gabatarwa ba ya fara wa baƙo da faɗa. Yakan buɗe da girmamawa, har da ɗan kirari: "Ranka ya daɗe, kowa ya san kai ba ka faɗa ka saɓa." Baƙo ya ji daɗi ya amsa. Sai tambaya ta biyo: "To, asibitin nan da ka yi alkawari ranar da ka zo neman ƙuri'a, wace rana za mu zo buɗewa?" Yabon da ya karɓa minti ɗaya da ya wuce shi ne ya ɗaure shi. Wannan dabarar makaɗan fada ce tsantsa, domin wanda aka kira mai kyauta a gaban jama'a ba ya iya mayar da hannu aljihu wayam. Masu cewa kirarin mai gabatarwa fadanci ne sun tsaya a jimlar farko ba su jira ta biyu ba. Akwai kuma shirun da yakan yi bayan baƙo ya ba da amsar da ba ta gamsar ba, daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya ce "to" a hankali. Ba a iya rubuta wannan a jarida, shi ya sa masu auna shirin da ma'aunin jarida ba sa ganinsa.

Ba a musun cewa rediyo na iya ɓarna. A watan Fabrairun 2013, kwanaki kaɗan bayan wani shirin Sandar Girma na Wazobia FM a Kano da ya taɓa batun allurar shan inna, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara. Aka gurfanar da 'yan jaridar gidan a kotu, NBC ta dakatar da tashar. Ko da ba a ɗora wa shirin alhakin kisan ba, lamarin ya nuna nauyin da kalma ke da shi a iska. A 2025 kuma gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, da hujjar cin mutunci ya yi yawa. Amma abin da ake kuka da shi a irin waɗannan lokuta zance ne tsirara, zagi da ƙazafi da kama suna. Alama ce ta ƙarancin gwaninta, ba yawanta ba.

A gabashin Sakkwato sakaya zance ya wuce ado, ya koma kariyar rai. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye yankin, da sunan ɗaya daga cikin jagororinsu, Bello Turji, a bakin kowa, ƙauyuka da dama suna biyan harajin dole kafin su yi noma ko girbi, dubban mutane kuma sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, rediyo ta zama kusan ita kaɗai ce ƙofar labari. A Disamban shekarar aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A irin wannan hali, wanda ya bugo waya daga ƙauye ba zai faɗi sunansa ba, ba zai kama sunan kowa ba, sai dai ya ce "mutanen daji sun aiko". Su ma mutanen dajin suna da rediyo. Aikin mai gabatarwa a nan shi ne ya fitar da abin da ya faru, nawa aka ce a tara, zuwa yaushe, an sanar da hukuma ko ba a sanar ba, ba tare da ya yi tambayar da za ta tona mai magana ba. Wanda ya matsa sai an faɗa masa sunan gari da na mai gari don labarinsa ya cika ƙa'idar makaranta, yana iya jawo wa mutum kabari.

Daga irin wannan amana ce farin jinin mai gabatarwa ke tsirowa, jam'iyyu kuma ba makafi ba ne. Tsallakawa daga rediyo zuwa siyasa tsohuwar hanya ce. A Amurka, Mike Pence ya faɗi zaɓen majalisa sau biyu, a 1988 da 1990, ya koma ya yi shekaru yana shirin rediyo a jihar Indiyana, sannan ya ci zaɓe a 2000, ya zama gwamna, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2017. A Arewa, Dokta Bala Muhammad ya yi aikin rediyo kafin ya koyar a Jami'ar Bayero ya kuma zama mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa. An kashe shi a gidansa a tarzomar Kano ta 10 ga Yulin 1981.

Wanda ya fi kowa jawo ce-ce-ku-ce shi ne Umaru Dikko. An haife shi a 1936, ya yi aiki a sashen Hausa na BBC a Landan tun sashen yana jariri, ya yi digiri a fannin lissafi, ya dawo ya zama kwamishina a Jihar Arewa ta Tsakiya bayan ƙirƙiro jihohi a 1967. Ya zama na hannun daman Shehu Shagari, ya riƙe ma'aikatar sufuri daga 1979 zuwa 1983, tare da shugabancin kwamitin shigo da shinkafa. Aikinsa a BBC ba na caccakar masu mulki ba ne, amma ya fito da abin da rediyo ke koyarwa: kaifin baki, da iya dunƙule magana ta zauna a kai. Maganar da aka fi jingina masa, cewa ba a kai ga yunwa a Nijeriya ba tunda ba a ga mutane suna tsintar abinci a bola ba, ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 ya gudu Ingila, a ranar 5 ga Yulin 1984 aka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted ana shirin dawo da shi Legas. Ya rasu a Landan a 2014.

Maganar bola ita ce ke bayyana abin da ke samun mai baki idan ya hau kujera. Da talaka ne ya faɗe ta yana nufin masu mulki suna jira sai an kai ga cin bola kafin su motsa, da ta zama habaici mai kyau. Daga bakin ministan da shinkafar ƙasa ke hannunsa, sai ta zama raini. Habaici daga ƙasa yake harbi zuwa sama. Ƙarfinsa yana wurin cewa mai yin sa ba shi da ikon komai sai bakinsa, kuma yana iya cewa "mu dai" a yarda da shi. Ranar da ya karɓi tikitin jam'iyya, "mu" ɗinsa ta koma ta 'yan jam'iyya. Ranar da ya ci zaɓe, motar taki ta uku a wuyansa take, ba shi da sauran damar cewa wataƙila faci ta yi. Saboda haka zargin cewa tun farko kamfe yake yi bai cika tsayawa ba: kayan aikin da suka ɗaukaka shi su ne na farko da zai ajiye a bakin ƙofar ofis, kuma sabon mai gabatarwar da ya gaji makirufonsa da su zai tarbe shi.

A yankin Gobir hanyar ma ta fi bin akasin haka. Manyan 'yan siyasarsa, irin su Attahiru Bafarawa, mutumin ƙasar Isa da ya yi gwamnan Sakkwato daga 1999 zuwa 2007, da Ibrahim Gobir da Ibrahim Lamiɗo da suka wakilci Sakkwato ta Gabas a majalisar dattawa, ba daga rediyo suka fito ba. Abin da aka fi gani shi ne ɗan siyasa da ya koma muryar rediyo. Aminu Boza, ɗan majalisar dokokin jiha daga Sabon Birni, ya yi suna ne da hirarrakin da yake yi da kafafen Hausa kan hare-haren yankinsa, inda yake faɗin garuruwa da adadi ƙarara. Shi kujerarsa ce ta ba shi damar kama sunan da mutumin ƙauye ba zai iya kamawa ba, kuma jama'a na sauraronsa ne gwargwadon yadda suke jin yana magana da gwamnati a madadinsu, ba yana magana da su a madadin gwamnati ba.