Kyamarar da ta Kama Ɓarawo, ta Bar Madobiya a Kwance

A watan Mayu na 2019 'yan sanda suka tare manyan motoci a shingen Vittin da ke bakin garin Tamale, ɗauke da kwantena 4 na katakon madobiya. Aka kama wata 'yar kasuwa 'yar ƙasar Sin, aka ba da belinta, daga baya aka mai da ita ƙasarsu. A watan Yuli na shekarar, wata ƙungiyar bincike mai ofishi a Amurka, Environmental Investigation Agency, ta ƙiyasta cewa tun 2012 an sare madobiya wajen miliyan 6 a Gana an kai Sin, alhali kuwa akwai dokar hana sara. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai sami isasshiyar shaida a kan ma'aikatanta ba. Surutu ya lafa, kututture ya rage a daji.

Wannan labari ma'auni ne mai kyau na auna aikin masu ɗaukar fim a kan ɓarnar ƙasa, gama ya nuna cewa kama mutum dabam, ceton itace dabam.

Ba mai maganar wannan sana'a a Gana ya tsallake Anas Aremeyaw Anas, wanda asalinsa Bimbilla ne a arewa. Ya soma aiki a jaridar Crusading Guide, ya kafa kamfanin Tiger Eye, ya kuma saba rufe fuskarsa da jerin duwatsun ado domin kada a gane shi. Hanyarsa a fili take: a ɓad da kama, a ɗana tarko, a ɗauki hoton mai karɓar toshiyar baki, a kunyata shi a bainar jama'a. Aikin nan ba wasa ba ne. Abokin aikinsa Ahmed Hussein-Suale, shi ma ɗan arewa, an harbe shi har lahira a Madina ta birnin Akra ran 16 ga Janairu 2019. Duk mai sukar finafinan Anas dole ya fara da tunawa da wannan jini.

Duk da haka, zuma da zaƙi da harbi. Anas ya yi finafinai a kan galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba. A 2019 Galamsey Fraud ya nuna Charles Bissue, sakataren kwamitin ministoci mai yaƙi da haƙar, yana karɓar kuɗi; shi kuwa ya musanta laifi. A 2022 Galamsey Economy ya sa Shugaba Akufo-Addo ya sallami ƙaramin ministan kuɗi, Charles Adu Boahen, ran 14 ga Nuwamba. Amma mai kallo da ya natsu zai lura da wani abu. Sunan fim ɗin na haƙar zinariya ne, zuciyarsa kuwa wani ɗakin masauki ne a Dubai, inda masu shigar attajirai suka zauna da ministan tun 2018. Abin da ya zauna a ran jama'a shi ne damin kuɗi a kan tebur. Kogin da ya koma kamar kunu bai sami irin wannan wuri ba. A 2023 Mai Gabatar da Ƙara na Musamman ya ce ministan ya yi ciniki da matsayinsa, amma bai ga laifin da doka ta ba shi ikon kai wa kotu ba.

Tarko ba sabon abu ba ne. Annabi Natan ma da labari ya kama Sarki Dawuda. Sai dai Natan ya zo da laifin da aka riga aka yi, ya kuma sa sarki ya ji zafin talakan da aka cuta. Tarkon kyamara sau da yawa yakan gwada abin da mutum zai yi in an jarabce shi, ya bar wanda aka cuta a bayan fage. A fim ɗin ɓarnar ƙasa kuwa, wanda aka cuta shi ne kogi, da gona, da matar da ke ɗiban ruwa.

A nan ne aikin Erastus Asare Donkor na gidan JoyNews ya fi gamsarwa. Shi ba ya rufe fuska. Yakan tsaya a bakin koguna irin su Pra da Offin da Ankobra, ya koma ya sake komawa, ya nuna launin ruwan. A fim ɗinsa Poisoned for Gold na 2023 ya bi sawun zaiba da sauran guba daga ramin haƙa zuwa ƙasar noma, zuwa jikin mutum, ya kuma bar likitoci da masana suka yi bayani. Babu ministan da ya faɗi a daren da aka nuna shi. Amma wanda ya kalla ya fahimci yadda abin yake aiki, fahimta kuwa ta fi mamaki daɗewa. Ƙungiyar 'yan jaridun Gana ta ba shi lambar gwarzon shekara a 2023, a 2024 kuma 'yan daba suka yi masa duka shi da abokan aikinsa a wani wurin haƙa a yankin Ashanti.

Akwai rashi guda da ya haɗa su biyun. Da Turanci suke magana, idonsu kuma na kan kudu. Ɓarnar arewa tafiyar hawainiya take yi, ba ta da daɗin ɗauka a rana ɗaya. Ana sare kaɗanya a yi gawayi, itacen da mata ke ci da 'ya'yansu da manta. Masu ɗiban yashi suna cin gaɓar kogin Farin Volta wajen Nawuni, inda ake jawo ruwan da Tamale ke sha ta Dalun. In an buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, gonakin bakin kogi sukan nutse. Irin wannan labari sai mai haƙuri, wanda zai ɗauki wuri ɗaya da rani, ya dawo da damina, ya dawo baɗi.

Tamale ba ta rasa kayan aiki ba. Tana da Jami'ar Nazarin Ci Gaba tun 1992, da gidan Rediyo Savannah mai magana da Dagbanci da Gwanjanci, da samari masu shirya finafinan Dagbanci, ga kuma Hausa a zango da kasuwa. Saurayi ko budurwar da ke sha'awar wannan sana'a ya koyi ƙarfin hali daga Anas, ya koyi naci daga Erastus, sa'an nan ya ɗauki fim ɗinsa da harshen mai gatari, ya kai shi dandalin ƙauye kamar majigin dā. Gama wanda zai sa hannu a takarda yana Akra, amma wanda zai ɗaga gatari a kan madobiyar da ta saura yana ƙauye, shi ne kuma har yanzu ba a yi wa fim da harshensa yadda ya kamata ba.