Masu Gwada Tambaya Kafin Ta Shiga Gidajen Mutane

A wani ƙauye da ke bayan garin Kuje na taɓa ganin wata matashiya mai aikin tattara bayanai zaune a gefen tabarma, kwamfutar hannu a kan cinyarta. Bayan sun gama gaisawa da matar gidan, ta ce, "Inna, yaya sunan babban ɗanki?" Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Aka maimaita tambaya, shiru. Matashiyar ta danna don ta wuce gaba, na'ura ta ƙi, ta fito da jan rubutu cewa sai an cike gurbin suna. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san abin da ya faru. Uwa mai alkunya ba ta kama sunan ɗan fari, kamar yadda mata da yawa ba sa kama sunan miji. Wanda ya tsara tambayar a ofis ne bai tuna da haka ba.

A bayansu akwai wata mace ta uku, riƙe da littafi da biro. Ba ta sa baki ba, ba ta yi wa matashiyar raɗa ba, ba ta ma ɗaga gira ba. Ta dubi agogo, ta rubuta wani abu. Kafin gari ya waye an ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin tambayar: idan uwa ta yi kawaici, a karɓi sunan da take sakaya shi da shi, ko a tambayi wani ɗan gidan. Aikin wannan mata ta uku, mai gwada tambayoyi, nake son mai karatu ya sani, domin ban san wani aiki da ya kai shi amfani ba a cikin ayyukan da ba a jin labarinsu.

Abuja ce matattarar irin waɗannan tambayoyi. A nan hedikwatar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take, a nan kuma Hukumar Ƙidayar Jama'a take, kuma daga ofisoshinsu ake tsara abin da za a je a tambayi magidanta daga Sakkwato har Kalaba. Binciken yawan jama'a da lafiyarsu na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta gudanar, ya shiga gidaje fiye da 40,000, da na'ura aka ɗauki amsoshinsa, kuma sai da aka fassara tambayoyin zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da Bankin Duniya, ya zagaya gidaje kusan 22,000, kuma shi ya fito da alƙaluman da ake ta ambato har yau, cewa kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya, mutum miliyan 82.9, suna cikin talauci a lokacin, ban da jihar Borno da ba a sa a lissafin ba. Wannan adadi daga tsakar gidajen mutane ya fito, daga bakin wata Inna da aka tambaya mudu nawa na masara aka ci a gidanta cikin kwana bakwai.

A zamanin takarda, mai tambaya yana da wurin numfashi. Idan amsa ba ta dace da gurbi ba, sai ya rubuta bayani a gefe. Na'ura ba ta san gefe ba. Abin da aka gina ta a kai shi take yi, ko manhajar CSPro ce ta hukumar ƙidayar Amurka, ko Survey Solutions ta Bankin Duniya, ko ODK da KoboToolbox da ƙungiyoyin agaji suka fi amfani da su. Alherinta babba ne: ita ke tsallake tambayoyin da ba su shafi mutum ba, ita ke tsayar da kai idan ka rubuta wa uwa shekara 20 ɗanta kuma shekara 15. Amma kuskure ɗaya a cikinta yana shiga kowace na'ura da aka raba, ya bi ma'aikata zuwa kowace jiha a rana guda.

Shi ya sa gwani yake fara gwaji tun a teburinsa, da niyyar ya ga inda manhajar za ta karye. Sai ya ƙirƙiro gida mai mata huɗu da 'ya'ya talatin da jikoki da almajirai biyu a zaure, ya ga ko jerin sunayen zai ɗauke su ko zai cike a mutum na ashirin. Ya sa wa yaro shekara uku, ya ga ko za a tambaye shi maganar aure. Ya kai tsakiyar hira ya kashe na'urar, ya kunna, ya duba ko amsoshin suna nan. Ya koma baya ya canza amsa ɗaya don ya ga abin da zai rushe a gaba. Sannan ya juya zuwa Hausa. Jimlar da Turanci ya gama a layi ɗaya Hausa kan ci layi biyu, wutsiyarta ta ɓace a ƙasan allo. Haruffa masu lanƙwasa kuma, idan ba a kula ba, sai su fito kamar ƙananan akwatuna ko lanƙwasar ta faɗi, "ƙasa" ta koma "kasa".

Duk wannan share fage ne. Ainihin gwajin sai an fita. Babban Birnin Tarayya ya dace da wannan aiki ƙwarai, domin cikin tafiyar awa ɗaya ko biyu za ka bar gidajen Maitama masu get da maigadi, ka ratsa ɗakunan haya na Nyanya ko Mpape, ka isa ƙauyukan Gbagyi a Bwari ko Kwali inda Hausa take harshen kasuwa, ba harshen uwa ba. Tambayar da ta tsira a waɗannan wurare uku ta kama hanyar tsira a ko'ina. A can ne ake gane cewa rubutun da ya fito fes a ƙarƙashin fitilar ofis ba ya karantuwa a ranar watan Maris, cewa yatsa mai gumi yana danna "a'a" a wurin "i" idan an matse su kusa da juna, cewa caji yana ƙarewa kafin la'asar, sabis kuma babu shi sai an hau tudu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani yake raba idonsa biyu, ɗaya a kan babban yatsan mai tambaya, ɗaya a kan fuskar mai amsa. Idan yatsa ya tsaya yana shawagi a saman allo, akwai abin da ba a gane ba. Idan mai tambaya ya bar abin da ke rubuce ya sake faɗarsa da kalmominsa, to rubutun bai zauna a baki ba, kuma ma'aikata ɗari za su sauya shi ta hanya ɗari. Idan mai amsa ya ce "to" da sauri yana duban ƙofa, ya gaji, daga nan duk abin da zai faɗa na sallama ne. Bayan an gama, gwani kan matso ya ce, "Baba, da aka ce 'mutanen gidanka', su wa ka lissafa?" Nan za ka ji wani ya haɗa da ƙannensa da ke gandu ɗaya da shi, wani ya cire ɗansa da ke makarantar kwana. Masu ƙididdiga suna nufin waɗanda ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya, amma a gidan da kishiyoyi ke karɓa-karɓar girki, sai an zauna an tantance wace tukunyar ake nufi.

Haka maganar awo. Ba wanda ke sayen gero da kilo a kasuwar Gwagwalada. Mudu ne, tiya ce, gwangwanin madara ne, robar fenti ce, kuma mudun wani gari ba mudun wani ba ne, balle a zo ga ko an shafe bakinsa ko an tula shi. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke maimaitawa tun 2010 ya kai ga amfani da hotunan ma'aunai, a nuna wa mai amsa ya zaɓi irin nasa, daga baya a juya shi zuwa kilo. Shekaru ma haka: a tambayi dattijo, sai ya ce sittin ko saba'in, shi ya sa alƙaluman shekaru ke taruwa a kan masu ƙarewa da 0 da 5. Mai dabara yakan tanadi jerin abubuwan da kowa ke tunawa, a ce, "Baba, lokacin da aka kashe Murtala a 1976, ka yi aure?"

Akwai kuma wurin da ilimin na'ura ba ya isa. Binciken lafiya yana bin haihuwar mace ɗaya bayan ɗaya, har da 'ya'yan da suka rasu. Allo ba ya jira, da an shigar da amsa sai ya turo tambaya ta gaba. Gwanin kirki yakan lura da wannan gaɓa, ya sa a koya wa ma'aikaciya ta ajiye na'urar, ta dubi uwar, ta ce "Allah ya sa mai ceto ne", ta ba ta lokaci. Na ga an yi haka, na ga yadda uwar ta saki jiki ta faɗi abin da da farko ta ɓoye.

Wanda ke shakkar nauyin tambaya ɗaya ya tuna da 2023, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'aunin rashin aikin yi, ta ɗauki wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Adadin da ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020 ya dawo 4.1, ƙasa ta ɗauka da muhawara.

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Wadda aka shirya yi da na'ura a 2023 an ɗage ta, bayan an yi ta gwaji a 2022. Duk ranar da aka tashi yin ta, roƙona ga masu riƙe da kasafin shi ne kada su rage kwanakin gwaji don kuɗi ya ishe su, su kuma sa masu jin Hausa da Gbagyi da Fulatanci tun daga nono a cikin masu zama a bayan tabarma da littafi da biro.